Ɗigon Mai a Ƙarƙashin Ɓauna

A layinsu babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Sannu-Sannu kowa ke cewa, daga telan layin har jikokinsa, sai dai su jikokin sukan sa "Kaka" a gaba don kada a ce ba su da tarbiyya. Ya samo sunan ne tun yana direban wani kamfanin haƙar rijiyoyi, yana kai ma'aikata da bututu ƙauyukan da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi hanyarsu. Sauran direbobi su riga shi isa, da fasasshen gilashi da fasinjoji masu dafe da ƙugu. Shi kuwa sai an cinye abinci an wanke kwano zai iso, amma kowa ya sauko da ƙashinsa a inda Allah ya sa shi.

Abin tinƙahonsa a duniya guda ɗaya ne: tunda ya kama sitiyari bai taɓa buge ko kaza ba. Ba ya jira a tambaye shi. Ko gaisuwar rashin lafiya ya je, sai ya san yadda ya karkato da hira har ta iso kan kazar nan da bai buge ba.

Da ƙarfi ya fara ja baya kamfani ya sallame shi, aka bar masa motar da ya tsufa a cikinta, wata jif mai doguwar ƙafa da faɗin goshi, wadda yaran layi suka sa wa suna Ɓauna. Da ita yake ɗan nema, yau buhunan wani daga gona, gobe katakon wani daga bayan tsauni, da rana kuma ya ɗauko jikokinsa biyu daga makaranta. Dokokinta ba su da yawa, amma ba sa lanƙwasuwa. Ba mai zama a kujerar direba sai shi. Innar yara, matarsa, tun tana amarya take zaune a gefensa, amma ko mabuɗi ba ta taɓa murɗawa ba. Bakanike kuwa ko inuwarsa ba ta faɗa wa motar.

"Yaran yanzu," in ji shi, "su cire maka mai kyau su sa maka marar kyau, sannan ka yi musu godiya."

Shi yake juye mata baƙin mai, shi yake wanke fulogi, shi yake ɗaure duk abin da ya kama kaɗawa. Birki ne kawai bai taɓa buɗewa da hannunsa ba. A kamfani akwai mai wannan aikin.

Wata safiya ya ga ɗan duhu a ƙasa, kusa da tayar baya ta hagu, bai fi tafin hannun jariri ba. Ya durƙusa, ya dangwala da yatsa, ya shinshina. Man birki ne, kuma ya san shi ne tun kafin yatsan ya kai hanci. Ya dubi ƙofar ɗaki, ya dubi ƙofar gida. Sai ya sa gefen takalmi ya turo ƙasa ya rufe wurin.

Ba wai ya yi niyyar ɓoyewa har abada ba. Gobe zai duba. Goben ce ta yi ta haihuwar wata goben. Kuma babban ɗansa, wanda kowa a gidan ke kira Babba, uban jikokin nan biyu, ya daɗe yana cewa a sayar da motar kafin ta sayar da wani. Idan ya ji an ce birki na zuba, magana ta ƙare ke nan. Saboda haka Sannu-Sannu ya ƙaro wa safiyarsa sabon aiki. Ya ɗaga murfin inji a hankali don kada ya yi ƙara, ya zaro kwalbar man da ya ɓoye cikin tsohuwar safa a ƙarƙashin kujera, ya cika ma'ajin man birki, ya mayar, sannan ya rufe ɗigon daren jiya da ƙasa. A hanya kuwa tun daga nesa yake fara famfa birki, taka, saki, taka, saki, har ya kama. Mutanen layi ba su ga wani sabon abu ba. Sun ɗauka Sannu-Sannu ne ya ƙara zama Sannu-Sannu.

Layin nasu gangare ne, ƙarshensa babban titi. Ranar da abin ya faru yana dawowa da jikoki daga makaranta, ƙaramar tana waƙa a baya, babban yana buga mata jaka kamar ganga. Ya zo daidai inda ya saba fara famfawa ya taka. Ƙafarsa ta wuce har ƙasa kamar ya taka ruɓaɓɓen tumatir. Ya sake, babu komai. Ya ja birkin hannu, wanda ya riga shi yin ritaya. Sai ya tura giya ta ɗaya, motar ta yi gurnani ta rage gudu, ya karya sitiyari ya nufi abu mafi taushi da idonsa ya gani, wato rumfar tela.

Ɓauna ta sumbaci dirkar rumfar a hankali, cikin ladabi, irin na motar da aka yi wa tarbiyya. Dirka ta kwanta. Kwanon rufi ya sauko ya rufe tela da kekensa da wani mutum da ake gwada wa tsawon wando. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Jikoki suka yi ta dariya suna cewa a sake.

Kafin ya buɗe ƙofa layi ya cika. Aka ɗaga kwano, tela ya fito da tef ɗin awo a wuya da almakashi a hannu.

"Lafiya, Sannu-Sannu?"

"Kyanwa ce," ya ji bakinsa ya faɗa. "Kyanwa ta gitta, na kauce mata."

Tela ya dube shi, ya dubi jiƙaƙƙiyar tayar baya, ya sake dubansa. Shekarunsu da yawa suna maƙwabtaka.

"Ƙwarai," in ji tela. "Ai ni ma na gan ta. Wata baƙa."

Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Kafin yamma kyanwar ta yi suna. Duk wanda ya zo jaje sai tela ya ƙara mata girma, har ta kusa kai ɗan akuya, kuma duk lokacin da ya faɗa sai ya kalli Sannu-Sannu da fuskar tausayi. Shi kuwa yana riƙe da dirka ana sake kafawa, kansa a ƙasa.

Babba ya zo kafin rana ta faɗi. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya durƙusa ya gaida ubansa, ya tambayi jiki, sannan ya ce, "Baba, birkin motar nan lafiya yake?"

"Ni kake tambaya birki? Kana cikin zani nake hawa tsauni da ita."

"Na sani, Baba. Jibi da yamma zan zo da bakanike ya duba. In ya ce lafiya, shi ke nan, na ba ka haƙuri. In ya ce ba lafiya, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ɗauke ta. Yaran kuma zan riƙa ɗauko su da kaina kafin nan."

Ya faɗi haka yana kallon tabarma. Innar yara tana bakin murhu tana iza wuta.

Washegari Sannu-Sannu ya hau motar haya ya tafi can ƙarshen gari, kasuwar kayan gyara inda yake ganin ba a san shi ba. Ya tsaya gaban wani shago ya yi bayanin ɗan tulun ƙarfen nan da ke bayan taya, wanda mai ke shiga ya tura birki, ya ce robarsa ta mutu.

"Na wani abokina ne," ya ƙara.

Mai shagon ya hau tsani ya sauko da kwali mai ƙura. "Abokin naka ma irin Ɓauna yake ja? Na ɗauka ita kaɗai ta rage a garin nan. Ya rumfar tela?"

Ya karɓi kayansa ya fita bai tsaya ciniki ba.

Da rana ya rufe ƙofar gida ya sa sakata. Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya buɗe gangar birki. Ciki ya jiƙe sharkaf, baƙi ƙirin. Ya sha ganin ana wannan aiki, ga shi hannunsa ba na wasa ba ne. Ya kwance tsohon tulu, ya ɗaura sabo, ya wanke komai, ya mayar da kowane ƙarfe inda ya same shi, har da wani ɗan sifirin da ya tsere masa ya faɗa cikin kwandon wanki. Da ya gama ya goge hannu, ya hau kujerarsa da ƙasaita, ya taka birki.

Ya tafi har ƙasa. Ya fi jiya lalacewa.

Nan ya zauna, hannu kan sitiyari, ya tuna abin da ya kamata ya tuna tun a kasuwa. Duk wanda ya buɗe hanyar man birki, iska ta shiga, kuma ba ta fita da mutum ɗaya. Dole wani ya kwanta a ƙasa yana buɗe ɗan noti yana rufewa, wani kuma ya zauna a sama yana takawa. Shi duk rayuwarsa na sama ne. Bakaniken kamfani ya yi kira daga ƙasa, taka, riƙe, saki, shi kuma ya bi yana gyangyaɗi. Bai taɓa kawo wa ransa cewa wata rana zai koma ƙasa ya rasa mai zama a kujerar da ya hana kowa zama ba.

Ya lissafa mutanen da zai iya kira. Tela, Allah ya kiyaye. Babba, ai gara a kira masu ƙarfen kai tsaye. Saura mutum ɗaya.

Da safe ya same ta tana shara. Ya tsaya yana gyaran murya har ta ɗago.

"Innar yara, akwai ɗan abin da nake so ki taya ni. Ba wani abu ba ne. Iska ce ta ɗan shiga birki."

"Iska," in ji ta. "Ba man da ke zuba ba?"

Ya saci kallon tayar baya ta hagu.

"Malam, wa kake tsammani yake share tsakar gidan nan? Kai ka rufe da takalmi, ni in kwashe da tsintsiya. Tsintsiyata ta biyu ke nan da ta yi baƙi. Safar da ka ɓoye kwalba a ciki ma ina neman 'yar'uwarta."

"Me ya hana ki magana?"

"Na yi. Na ce maka ƙasar wajen motar nan tana wari, ka ce hancina ne ya tsufa." Ta jingine tsintsiya. "Ban san har ya kai a sa yara a ciki haka ba. Da na sani da kaina zan gaya wa yaron nan."

Ya buɗe mata ƙofar direba. Ta dubi kujerar, ta dube shi, ta kakkaɓe zaninta kamar za ta shiga ɗakin baƙi, sannan ta hau.

"Idan na ce taka, ki yi ta takawa. Na ce riƙe, ki danne kada ki ɗaga ko da ya nutse. Sai na ce saki."

Ya shimfiɗa kwali, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin Ɓauna da sifana da kwalbar da zai tari mai. Ciki ya ɗan hana shi, amma ya shiga.

"Taka."

Ya ji motsi a sama.

"Riƙe."

"Na riƙe."

Ya buɗe notin. Ko ɗigo. Ya rufe, suka sake. Ko ɗigo. Suka yi ta yi har gumi ya cika masa ido, zuciyarsa ta fara raya masa cewa ya ɗaura tulun a juye, ko mai shago ya cuce shi, ko Ɓauna ta yi fushi. Can sai ya lura da wani ƙarfe yana kai da kawo daga gaba duk lokacin da ya ce taka, ƙarfen da ba shi da alaƙa da birki.

"Ke, wanne kike takawa?"

"Wanda ya fi kusa da ƙafata."

"Wannan ai kuloci ne. Na tsakiya."

"Su uku ne a nan, duk kamarsu ɗaya. Ka taɓa nuna mini?"

Tsatsa ta faɗo masa a leɓe, ya tofar.

Da ta kama na tsakiya aiki ya fara tafiya. Ya buɗe noti, mai ya yi tsartuwa da kumfa, ya rufe, ya ce saki. Ƙafarta ba ta da nauyi, amma tana jin magana. Suka gama tayar baya ɗaya, ya fito ya ƙara mai, ya koma ɗayar. Keken tela ya fara kuka a bayan katanga. Can ya ji ƙofar motar ta yi ƙara, motar ta ɗan lotsa ta dawo. Ya ce a ransa zani take gyarawa.

"Taka."

Wannan karon birkin ya sha taku mai ƙarfi, sau da sau, har motar na girgiza.

"Yauwa. Yanzu ƙafarki ta gane. Riƙe."

"An riƙe," in ji muryarta.

Ko don ba ya ganin fuskar kowa ne, ko don kwanciya a ƙarƙashin mota tana sa mutum ya ji kamar shi kaɗai ne a duniya, sai bakinsa ya buɗe.

"Innar yara, babu wata kyanwa."

Ta yi tari. "Malam, bar maganar nan yanzu."

"A'a, bari in faɗa. Ƙafata ta kai ƙasa, yarinyar nan tana waƙa a bayana. Ina hango babban titi, manyan motoci na wucewa. Da rumfar tela ba ta nan ban san me zan gaya wa ubansu ba. Saki. Taka."

"Malam."

"Ba sayar da motar ke hana ni barci ba. To, har da shi. Amma yaron nan ya dube ni ya san na daɗe da sani, na ci gaba da zuba masa 'ya'ya a ciki don kada a ce Sannu-Sannu ya kai mota gareji. Wace kaza kuma zan ƙara faɗa a gabansa? Riƙe."

"An riƙe," ta ce, a hankali ƙwarai.

Ya buɗe noti. Mai ya fito tas, ba kumfa. Ya juya kai don ya goge ido da kafaɗa, sai ya hango silifas ɗinta a gefen mota, ƙafa biyu cif, duka a ƙasa. Ya tsaya yana kallonsu. Ya ƙirga su kamar za su canja. Idan ƙafafunta biyu suna tsakar gida, to wa ke danne da birki?

Mai na ɗiga cikin kwalba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya gode mata, ga shi ma ya riga ya kwanta.

Daga sama, daga kujerar da ba mai zama, wata murya ta ce, "Baba, in saki?"

Muryar Babba ce. Amma noti a buɗe yake, kuma idan aka saki a haka iska za ta koma, aikin safiya ya tashi a banza. Ya ɗaga sifana.

"Dakata in ɗaure." Ya ɗaure. "Saki."

"Na saki."

"Ka ce da yamma."

"Aiki ne ya tashi da wuri. Ƙofa a buɗe take."

"Ni na cire sakata da zan zubar da shara," in ji Innar yara.

Saura tayoyin gaba. Ya ja kwalinsa ya matsa can ba tare da ya fito ba, ta ƙarƙashi, kamar ƙadangare. Innar yara ce ta ƙara mai a sama, ya gaya mata inda za ta zuba. Taka, riƙe, saki. Ba wanda ya ƙara wata kalma a kan waɗannan. Da aka gama ta ƙarshe Babba ya ce birki ya yi tauri, tun daga sama yake tsayawa.

Dole dai a fito. Ya fito da tsatsa a gemu da mai har gwiwar hannu, ya zauna a kan kwali yana goge sifanar da ba ta buƙatar guga. Babba ya sauko ya durƙusa a gefensa. Shi ma ƙasa yake kallo.

"Bakaniken yana waje cikin motata," ya ce. "In ka ga dama in sallame shi. In ce ba ka nan."

Sannu-Sannu ya juya sifanar a hannu. Mafita ce aka miƙo masa, irin wadda tela ya miƙo, kuma ya ɗanɗana irin ta tela.

"Ce masa ya shigo."

Bakaniken ya yi sallama, ya gaishe shi da Baba, ya nemi izini kafin ya taɓa motar, abin da ya ɗan rage zafi. Ya shiga ƙasa ya bi bututu ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya ce tulun ya zauna daidai. Ya ce amma akwai bututun roba a gaba da ya tsattsage, yau ko gobe zai fashe, sai an canja kafin ta hau titi. In an canja, motar za ta binne wasu sababbin motoci.

Babba ya miƙe ya zare mabuɗin daga jikin mota. Sannu-Sannu ya bi hannunsa da ido. Bai sa a aljihu ba. Ya miƙa wa uwarsa.

"Inna, ke kike shara. Ranar da kika ga ɗigo, kada ki ba shi."

"Ko ban gani ba sai na shinshina," in ji ta, ta ɗaure mabuɗin a gefen zani.

Aka canja bututu, Ɓauna ta zauna a gidanta. Jikoki ba su dawo cikinta nan da nan ba, kuma bai tambaya ba. Yanzu kowace safiya yakan fito da hularsa ya tsaya daga gefe, hannu a baya, yayin da Innar yara ke zagaya motar da tsintsiya. Ba ta sauri. Takan duƙa a kowace taya, wani lokaci ta daɗe a ta baya ta hagu fiye da yadda ake buƙata, don dai ta ga yana sauya ƙafa. Sannan ta kwance gefen zani.

Ranar da ya fara fita da motar, ya gangaro a hankali ya tsaya cak a gaban rumfa, taku ɗaya. Tela ya ɗago daga keke.

"Sannu-Sannu, ina labarin kyanwa?"

Ya leƙo ta taga. Akwai mutane a kan benci, duk sun juyo.

"Babu kyanwa," ya ce. "Birki ne."

Tela ya ciji zare ya tofar, ya girgiza kai.

"To ni dai na riga na gaya wa mutane baƙa ce. Ka je ka nemo ta."